Takobin Japan na yaƙin Bama: yadda ake gano maƙerinsa da yadda ake raba na gaske da jabu

Har yanzu masu sana'ar kayan tarihi a Libreville ba su manta da labarin abin rufe fuskar nan na ƙabilar Fang da ake kira Ngil ba. A watan Satumban 2021 wasu tsofaffi, mata da miji, a Faransa suka sayar da shi ga wani dillalin tsofaffin kaya a kan Yuro 150, kuɗin da bai cika sefa dubu ɗari ba. Bayan wata shida aka yi gwanjonsa a Montpellier a kan Yuro miliyan 4.2, wato sama da sefa biliyan biyu da rabi. Tsofaffin sun kai ƙara, gwamnatin Gabon ma ta shiga shari'ar, amma a watan Disambar 2023 kotun Alès ta yi watsi da buƙatunsu duka. Dillalin ya kai kayan wurin masana har an auna shekarun icen. Masu shi kuwa ba su tambayi kowa ba kafin su sayar.

Takobin sojan Japan na Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin kayan da ake tafka irin wannan asara a kansu, kuma ta fuska biyu. Wani zai gaji na gaske, ya ga tsatsa, ya sa samfefa ya goge, ya zubar da mafi yawan darajarsa a yini guda. Wani kuma zai kwashe jarinsa ya sayi wanda aka ƙera bara a wata masana'anta a China, aka jiƙa shi da gishiri don ya tsufa. Mafi yawan waɗannan takubba ba na miliyoyin Yuro ba ne, kada wani ya ɗora buri. Amma tazarar da ke tsakanin na jabu, da na inji, da na hannun maƙeri tana da faɗi ƙwarai, kuma ana iya gane wani sashe nata da ido.

Me ya haɗa Bahaushe da takobin Japan

Gabon ba ta gwabza da Japan ba. Faɗan da ya iso Libreville a watan Nuwambar 1940 tsakanin Faransawa ne, magoya bayan Janar de Gaulle da na gwamnatin Vichy. Jarumin da ƙasar ke tunawa, Kyaftin Charles N'Tchoréré, Jamusawa ne suka kashe shi a Airaines a watan Yunin 1940. Don haka wanda ya kawo takobin Japan ya ce a yaƙin Gabon aka samo shi, tun daga nan an san inda maganarsa ta dosa.

Hanyar da tarihi ya tabbatar ta bi ta Najeriya da Gana. A 1943 Ingila ta kafa runduna ta 81 da ta 82 daga sojojin Afirka ta Yamma, ta tura su ƙasar Burma, Myanmar ta yau, wadda tsofaffi ke kira Bama, ba Bama ta Borno ba. Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya tun zamanin Lugga, kuma cikin waɗanda suka sa kaki har da samarin da suka ƙetaro daga ƙasashen da Faransa ke mulka. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, wasu bataliyoyin Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944, kuma a watan Janairun 1945 aka ƙwace garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo ya je har can ya duba su a 1944. Sunayen barikoki sun riƙe wannan tarihi: Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, da Burma Camp a Accra.

Da Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, kwamandan yankin, Lord Mountbatten, ya dage sai hafsoshinta sun miƙa takubbansu a bainar jama'a. An tara takubba masu ɗimbin yawa, aka raba su a matsayin ganima. Kaso mafi tsoka ya tafi hannun hafsoshin Turawa da gidajen tarihin rundunoni, shi ya sa a yau Ingila da Amurka da Ostireliya suka fi ko'ina yawan irin wannan kaya. Mazan jiyan Afirka sun dawo gida a 1946. Idan iyali suna da takardar sallama ta kakansu, ko lambar yabon nan mai siffar tauraro ta yaƙin Bama, ko hotonsa cikin kaki, labarinsu ya samu ƙafar tsayawa. Sai dai labarin yana shaidar yadda takobi ya zo gidan ne kawai. Wanda ya ƙera shi, da yadda aka ƙera shi, sai ƙarfen ne zai faɗa.

Fara da kube da ƙota

Japan ta sauya fasalin takobin sojanta a 1934, ta bar samfurin Turawa ta koma siffar takubban da. Na hafsoshin sojan ƙasa, samfurin 94 na 1934 da samfurin 98 na 1938, yana da ƙotar ice da aka lulluɓe da fatar wani kifi mai ƙurji-ƙurji, aka naɗe ta da zaren ɗauri, da kuben ƙarfe mai launin ƙasa ko kore-kore, da adon furen sakura a jikin tagullar. Na sojan ruwa, wanda ya fito a 1937, kubensa baƙi ne, yawanci da zobban rataya biyu. Tuntun da ke lilo a ƙarshen ƙota yana nuna muƙami: ruwan ƙasa da shuɗi na ƙananan hafsoshi, ruwan ƙasa da ja na manjo zuwa kanar. Amma tuntu abu ne da ake cirewa a ɗaura wani, don haka ba a gina hukunci a kansa.

Na saje-saje da kofur-kofur, samfurin 95 na 1935, daban yake. Inji ne ya yi shi daga kai har ƙasa. Ƙotarsa zubi ce, da farko ta jan ƙarfe, daga baya ta alminiyam da aka yi wa fenti ta yi kama da naɗin zare, a ƙarshen yaƙi kuma ta ice. A gindin ruwan takobin akwai lamba da irin alƙaluman da kowa ya sani, kuma wannan lambar ya kamata ta yi daidai da wadda ke jikin kuben. Ba shi da maƙeri da za a nema, sai ƙananan hatiman ma'ajiyar makamai da na kamfanin da ya yi kwangila, a kan zoben wuyan ƙota. Wannan samfurin yana cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, saboda zubi ya fi sauƙin kwafa.

Abin da ke rikitar da mutane shi ne hafsan Japan da kuɗinsa yake sayen takobinsa. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi na masana'anta, mai hali ya sa maƙeri ya yi masa, wani kuma ya ɗauko ruwan takobin gidansu mai shekara ɗari uku ko biyar ya sa aka yi masa kube da ƙota irin na soja. Takubba uku za su iya zama iri ɗaya sak daga waje, alhali abin da ke ciki ya sha bamban.

Gaskiyar tana ƙarƙashin ƙota

Takobin hafsa ba a liƙe ƙotarsa ba. Wani ɗan ƙaramin turke na gora ne, wani lokaci biyu, ya ratsa ta ya riƙe ƙarfen. Idan aka tura shi ta siririn ɓangarensa da tsinken ice, aka riƙe takobin tsaye aka ɗan bugi wuyan hannu, ƙotar za ta saki. Abin da zai bayyana shi ne wutsiyar ƙarfen da ke shiga cikin ƙota, wadda Japanawa ke kira nakago. Nan maƙeri ke sassaƙa sunansa. Idan ƙotar ta ƙi fita, a bar ta, kada a sa guduma. Samfurin 95 kuwa babu dalilin kwance shi, domin babu abin karantawa a ciki.

Rubutun daga sama yake sauka ƙasa, kuma yawanci tsarinsa ɗaya ne: lardi ko gari, sai harafin 住 mai nufin mazaunin wurin, sai sunan maƙerin, sai harafin 作 mai nufin shi ya yi. Garin da ya fi kowane fitar da takubban yaƙin shi ne Seki, a lardin Gifu, wanda ake rubutawa 関, kuma maƙeransa da yawa sunansu na sana'a yana farawa da Kane, wato 兼. A ɗaya fuskar sau da yawa akwai kwanan wata. Idan ya fara da 昭和, wato Showa, zamanin Sarki Hirohito ke nan, wanda ya soma a 1926. Lissafin mai sauƙi ne: a ƙara 1925 a kan shekarar da aka rubuta. 昭和十八年 shekara ta 18 ce, wato 1943. Wasu maƙeran sun yi amfani da ƙidayar daular, wadda a cikinta shekara ta 2600 ta yi daidai da 1940.

Sama da sunan, kusa da inda ƙota ta fara, a nemi ɗan ƙaramin hatimi da aka buga. Wannan hatimin ya fi sunan saurin faɗin gaskiya. Furen sakura mai harafin 昭 a tsakiya, ko harafin Seki shi kaɗai, alama ce a wurin masana cewa ba a bi hanyar gargajiya cikakkiya ba: ƙarfen masana'anta ne, kuma yawanci a mai aka tsoma shi, ba a ruwa ba. Irin wannan ake kira showato. Na gaske ne, ya je yaƙi, amma kayan soja ne, ba aikin fasaha ba. Hatimin ƙugiyar jirgin ruwa yana yawan fitowa a takubban sojan ruwa na ƙarfen da ba ya tsatsa. Tauraro kuwa labari ne mai daɗi: alamar maƙeran da rundunar sojan ƙasa ta tantance ta ba su tamahagane, ƙarfen da ake narkawa daga yashi mai tama a murhun gargajiya, kwatankwacin yadda maƙeran ƙasar Hausa ke fitar da tama kafin ƙarfen Turawa ya cika kasuwa. Aikin hannu irin wannan gendaito ake ce masa, kuma farashinsa ya ninka na showato.

Akwai maƙera biyu da sunansu ke ɗaga farashi nan take. A harabar wurin ibadar Yasukuni da ke Tokyo an kafa maƙera a 1933, wadda ta fitar da takubba kusan 8,100 kafin 1945, kuma sunayen maƙeranta suna farawa da Yasu. Ta Minatogawa a Kobe ta yi wa sojan ruwa aiki, da tambarin fure a kan ruwa. Sai kuma takubban kamfanin jirgin ƙasa na Manchuria, da ake kira Mantetsu, waɗanda ba na gargajiya ba ne amma masu tarawa na nemansu.

Wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa: ɗan allon ice ko ƙyallen da ake samu ɗaure a jikin kube da rubutun Japan. Wannan sunan mai takobin ne da adireshinsa, wanda ya rubuta lokacin miƙa wuya da fatan wata rana za a maido masa. Ba sunan maƙeri ba ne. Kada a yar da shi, domin shi ne shaidar da ta fi kowace wuyar ƙirƙira, kuma ta irinsa wasu takubba suka koma hannun jikokin masu su a Japan.

Suna ba ya isa shaida

Wanda ya san takobin ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba. Baturen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara, kusan duka daga garin Solingen na Jamus, a yi musu ƙota da kube a Kano a sayar wa Hausawa da Fulani da Abzinawa da Barebari. Da masu saye suka saba da tambarin Turawa, irin su jinjirin wata biyu masu fuska, sai maƙeran gida suka riƙa buga irinsu a kan nasu aikin. Tambarin ya zama ado da neman albarka, ya daina zama shaidar inda aka ƙera.

A Japan ma haka abin yake, har suna da kalma ta musamman, gimei, wato sa hannun ƙarya. Tun ɗaruruwan shekaru ake sassaƙa sunan manyan maƙera a kan aikin ƙanana. Sunan Kotetsu, maƙerin ƙarni na 17, ya yi ƙaurin suna wajen haka, har masana kan fara da zaton jabu ne duk inda suka gan shi. Saboda haka ruwan takobi zai iya zama tsoho, na Japan na haƙiƙa, amma sunan da ke jikinsa ƙarya ne. Zai kuma iya zama ba shi da suna ko kaɗan, alhali aikin gwani ne. Iya karanta sunan, ko da manhajar fassara ta waya, matakin farko ne kawai. Masani yana gwada bugun kurfin da na sahihan misalai, ya duba zanen magagarin da ke kan wutsiyar, wanda kowace makarantar ƙira ke da salonta, sannan ya duba ko aikin ƙarfen ya dace da sunan.

'Yan damfara suna son labarin Honjo Masamune, takobin gidan sarautar Tokugawa da aka miƙa wa 'yan sanda a Tokyo a watan Disambar 1945, wanda har yau ba a sake ganinsa ba. Duk hoton da ya zo ta WhatsApp da sunan Masamune da farashin gaggawa, a ɗauke shi tatsuniya.

Alamomin jabu

Jabun zamani ya fi gimei sauƙin kamawa, domin masu yin sa suna ƙoƙarin burge wanda bai sani ba ne. Takobin Japan na hannu yana da wani layi mai kama da hazo da ke bin kaifinsa, hamon, wanda ke fitowa saboda an shafe gadon ƙarfen da yumɓu kafin a tsoma shi a ruwa. Layin yana cikin ƙarfen, yana sauyawa idan aka juya shi a haske. Na jabu asid ne ko burushin waya ya zana shi, sai ya fito fari fat, da tudu da kwari iri ɗaya kamar haƙoran zarto. Haka kuma zanen naɗe-naɗen ƙarfe: a na gaske siriri ne, sai an ƙura ido, a na jabu yana ihu daga nesa kamar zanen katako.

Tsinin takobin ma yana tona asiri. A na gaske akwai layi tsaf da ya raba tsini da sauran jiki, kuma layukan da ke bin tsawonsa a miƙe suke. A na jabu tsinin a dunƙule yake kamar na adda. Naɗin zaren ƙota a na gaske yana musanyawa, wannan ya hau wancan, na gaba ya juya, kuma ramukan da ke tsakani girmansu ɗaya. Lamba da aka buga a kan ƙwaryar tagullar da ke gindin ruwan takobi, ko manyan haruffa da tutar Japan da aka zana a jikin ruwan, kusan kullum alamar jabu ce. Wutsiyar na jabu kuwa yankan gaggawa ce, ba zanen magagari, haruffan a warwatse kamar tonon kaza, tsatsar kuma ja ce mai ɓarɓashi. Tsatsar shekara tamanin lafiyayya ce mai launin ƙasa, ta ɗaruruwan shekaru kuma baƙa ce mai santsi.

Takarda da kulawa

Hukuncin ƙarshe a kan maƙeri yana hannun kwamitocin tantancewa na Japan. Mafi shahara ita ce ƙungiyar NBTHK, da aka kafa a Tokyo a 1948, wadda ke ba da takardu hawa-hawa, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo. Sai an kai takobin gabansu, hoto ba ya wadatarwa. A nan ma akwai tarko biyu. Ƙaramin katin rajista da hukumomin Japan ke bayarwa izinin mallaka ne, yana kwafe abin da ke rubuce a wutsiya ba tare da ya ce gaskiya ne ba. Sannan dokar Japan takubban da aka ƙera ta hanyar gargajiya take yi wa rajista a matsayin kayan fasaha. Na inji makami ne a wurinta, wanda ya aika irinsa can yana iya rasa shi. Ko tsakanin Gabon da Kamaru ko Najeriya, a tambayi jami'an duwan, wato kwastam, kafin a ƙetare iyaka da shi.

Kafin duk wannan, babban aikin mai takobi shi ne ya hana kansa gyara. Kada a taɓa tsatsar wutsiya ko da man goge ƙarfe, domin da ita ake ƙiyasta shekaru. Kada a kai ruwan takobin wurin mai wasa wuƙa a Mont-Bouët ko wata kasuwa. Mai goge takobi a Japan yakan yi kusan shekara goma yana koyo, kuma abin da injin washi ya ci ba ya dawowa. A gari irin Libreville, inda ruwan sama ke kusan milimita 3,000 a shekara ga iskar teku, laima ce babbar abokiyar gaba. A share ruwan takobin da tsumma mai laushi, a shafa man keken ɗinki kaɗan, kada yatsa ya taɓa ƙarfen, a kwantar da shi a wuri busasshe kaifin yana sama. Japanawa kan ɗiga man kanumfari a cikin nasu man, amma ba dole ba ne.

Wanda ke son ra'ayin masani daga nesa, hotunan da za a nema daga gare shi sanannu ne: takobin duka cikin kube, ruwansa tsirara a kan baƙin ƙyalle, fuskokin wutsiyar biyu tsini yana sama, hatimin da ke sama da suna daga kusa, tsinin, da tsawon kaifi a santimita, wanda a yawancin takubban hafsoshi yakan faɗa tsakanin 60 da 70. A tura wa mutum biyu ko uku da ba su san juna ba, kuma kada a haɗa da wanda ya riga ya yi tayin saye.